Tsoron Ƙadangare a Ma'auni: Alƙaluman da ke Nuna Yadda Arzikin Teku ke Hawa Tudu

A shekarar 2003, masu bincike sun ƙirga inda wani ɗan ƙaramin ƙadangare ke zama a wasu ƙananan tsibirai na ƙasar Bahamas. Cikin kowane ƙadangare 100 da suka hango, kusan 40 a ƙasa suke, suna kiwo tsakanin duwatsu da busasshen ganye. Sai aka saki wani babban ƙadangare mai cin ƙanana a tsibiran. Bayan watanni shida, waɗanda ake gani a ƙasa sun koma kusan 10 cikin 100. Da shekara ta zagayo, sun koma kusan 5. Sauran duk sun hau itace.

Ƙasar da suka guje wa ita ce inda teku ke zube kayanta, kuma bakin ƙadangare na ɗaya daga cikin ƙofofin da wannan kaya ke bi ya shiga cikin rayuwar tsibiri. Shi ya sa waɗannan alƙaluma suka cancanci a zauna a warware su. Darasinsu shi ne cewa duk wanda ya auna tasirin mafarauci da yawan abin da ya kashe kaɗai, rabin lissafi ya yi. Ɗaya rabin yana cikin halin waɗanda suka tsira, wato inda suka daina zuwa da abin da suka daina ci.

Mita 1 ga murabba'in mita 5: dalilin da ya sa aka zaɓi ƙananan tsibirai

Bahamas na da tsibirai kusan 700, ban da ƙananan tsibiran dutse da yashi sama da 2,000. Da yawa daga cikin waɗannan ƙanana ba su kai girman filin ƙwallo ba. Mutum zai iya zagaye ɗaya cikin 'yan mintuna, ya kama kusan kowane ƙadangare da ke ciki, ya auna shi, ya yi masa alama, ya sake shi. Ruwa ya kewaye su, don haka abin da aka saka a ciki yakan zauna a ciki. Wannan ne ya sa Thomas Schoener da David Spiller na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, tare da Jonathan Losos da ɗalibansu, suka shafe shekaru masu yawa suna gwaje-gwaje a kusa da tsibirin Abako da jerin tsibiran Eksuma.

Akwai wani dalilin kuma, na lissafi zalla. A ɗauki tsibiri kewayayye mai faɗin mita 20. Tsawon gaɓarsa zai kai kusan mita 63, filinsa kuma murabba'in mita 314. Kowace mita 1 ta gaɓa tana ciyar da murabba'in mita 5 na tudu ke nan. In faɗin tsibirin ya kai mita 200, gaɓarsa mita 628 ce, filinsa kuma ya haura murabba'in mita 31,000, wato mita 1 ga murabba'in mita 50. Faɗin tsibiri ya ninka sau 10, rabon da kowane taku na ƙasarsa ke samu daga teku ya ragu sau 10. Gary Polis da Stephen Hurd sun nuna wannan a tsibiran Mashigin Kalifoniya na ƙasar Meziko a tsakiyar shekarun 1990, inda suka tarar da gizo-gizo ya fi cunkoso a ƙananan tsibirai saboda abincin da teku ke kawowa.

Ƙadangarun da labarin ya shafa biyu ne. Ƙaramin shi ne anol mai ruwan ƙasa, wanda masana ke kira Anolis sagrei. Tsawon jikinsa ban da wutsiya bai wuce na ɗan yatsa ba. Yakan laɓe a ƙasan kututture ko ƙaramin reshe, in ya hango ƙwaro ya diro ƙasa ya cafke. Babban shi ne mai naɗe wutsiya, Leiocephalus carinatus, wanda ya ninka anol tsawo kusan sau biyu, ya fi shi ƙiba nesa ba kusa ba. A ƙasa yake yini, bai iya hawan siraran rassa ba, kuma in anol ya shigo masa hannu yakan haɗiye shi.

63, 70 da 70: abin da ciyawar teku ke yi wa tsibiri

Duk lokacin da iska ta kaɗa ko guguwa ta wuce, igiyar ruwa kan tara ciyawar teku a gaɓa. Tana fara ruɓewa sai ƙudaje da wasu ƙananan halittu masu tsalle, dangin jatan lande, su yi mata caa. Waɗannan su ne naman da ƙadangare ke saukowa nema.

Spiller da abokan aikinsa sun gwada ƙarfin wannan kyauta ta teku a Eksuma, suka wallafa sakamakon a 2010. Sun ware filaye 12 a bakin gaɓa. A 6 suka riƙa zuba ciyawar teku na tsawon watanni 3, a 6 kuma suka riƙa kwashe duk wadda ruwa ya kawo. Suka bi filayen da ido har tsawon watanni 12. Alƙaluma uku suka fito:

- Yawan ƙadangaru ya fi da kashi 63 cikin 100 a filayen da aka zuba ciyawa. Ma'ana, in fili marar ciyawa na da ƙadangaru 100, mai ciyawa na da 163.
- Bayan watanni 8, ɓarnar da ƙwari suka yi wa ganye ta fi da kashi 70 cikin 100 a filayen masu ciyawa.
- Bayan watanni 12, saurin tohon ganye ya fi da kashi 70 cikin 100 a waɗannan filayen dai.

Alƙalami na biyu ne ke ɗaure kai. Ƙadangaru sun ƙaru, to me zai sa ƙwarin da ke cin ganye su ƙara ɓarna? Amsar ita ce ƙadangarun sun samu abinci mai sauƙi a gaɓa, sai suka yi sakaci da tsutsotsi da ƙwarin da ke kan bishiya. Masu gadi sun yi yawa amma hankalinsu ya koma wani wuri. Daga baya ɓarnar ta daidaita tsakanin filayen biyu, sannan takin da ruɓaɓɓiyar ciyawar ta bari a ƙasa ya fara aiki, ganye ya yi ta toho.

A nan akwai darasi ga mai karatun alƙaluma. Kashi 70 na farko asara ce, kashi 70 na biyu riba ce, kuma abin da ya raba su watanni 4 ne kacal. Wanda ya tattara kayansa a wata na 8 zai koma gida ya ce ciyawar teku na cutar da bishiyoyi. Wanda ya zo a wata na 12 kawai zai ce alheri ce zalla. Kowannensu ya faɗi abin da ya gani, amma cikakken labari sai an haɗa ranakun awon. Wani gwaji da Jonah Piovia-Scott ya jagoranta, wanda ya fito a mujallar Science a 2011, ya ƙara ƙarfafa wannan. Ya nuna cewa ƙadangaru da tururuwa in sun haɗu suna kare ganye fiye da jimillar abin da kowanne zai yi shi kaɗai, amma da an zuba ciyawar teku sai wannan ƙarin kariya ta ɓace.

Karbon 13: yadda wutsiya ke ba da shaidar abinci

Ba wanda zai iya bin ƙadangare dare da rana yana rubuta abin da ya haɗiya. Masana sukan yanki ɗan guntun wutsiyarsa, wadda dama takan sake tsirowa, su kai ɗakin gwaji.

Sinadarin karbon da ke jikin kowace halitta iri biyu ne masu ɗorewa. Kusan kashi 99 cikin 100 karbon 12 ne, marar nauyi, sauran kusan kashi 1 kuma karbon 13 ne, mai ɗan nauyi. Tsirrai sun bambanta wajen ɗaukar mai nauyin. Ana auna bambancin da kashi cikin 1,000, ana kwatanta shi da wani ma'auni na duniya, shi ya sa alƙaluman ke zuwa ƙasa da sifili. Yawancin bishiyoyin tudu suna kusa da 27 ƙasa da sifili. Ciyayin teku sun fi su karbon 13, galibi tsakanin 10 da 20 ƙasa da sifili. Wannan tambari ba ya gogewa in an ci tsiron. Yana bin ƙuda daga ciyawa, ya bi ƙadangare daga ƙuda. Idan wutsiya ta karkata wajen alƙalamin teku, mai ita a gaɓa yake kiwo. Idan ta karkata wajen na bishiya, a sama yake ci.

Irin wannan awon ne zai bambance mutumin da ya tashi da tuwon dawa, gero da masara daga wanda shinkafa da alkama suka fi yawa a cimarsa, domin dawa, gero, masara da rake suna kusa da 13 ƙasa da sifili, shinkafa da alkama da wake kuwa suna rukunin bishiyoyi. Wannan na nuna tarkon da ke cikin hanyar: wasu ciyayin tudu tambarinsu ya yi kusa da na teku. Don haka masu bincike kan auna ganye, ciyawar gaɓa da ƙwarin wurin duka kafin su yanke hukunci, kuma sukan haɗa da naitirojin 15, wanda ke ƙaruwa da kusan kashi 3 zuwa 4 cikin 1,000 a kowane mataki daga abin ci zuwa mai ci.

Tsibirai 12, watanni 12: ƙafa ta yi tsawo, ƙafa ta gajarce

Gwajin 2003 da aka buɗe wannan nazari da shi an yi shi ne a tsibirai 12 kusa da Abako. An saki mai naɗe wutsiya a 6, an bar 6 yadda suke don kwatanci. Waɗannan 6 da ba a taɓa ba su ne ƙashin bayan hujjar, domin a cikinsu ƙadangaru sun ci gaba da saukowa ƙasa. Ba don su ba, da wani zai ce fari ne ko sauyin yanayi ya kori anol zuwa sama.

Faɗuwa daga 40 zuwa 5 na nufin amfani da ƙasa ya ragu sau 8 cikin shekara guda. Yawancin raguwar kuma a farkon zuwan mafaraucin ta auku, a jikin ƙadangarun da suka san ƙasa tun suna ƙanana. Sauyin hali ne na nan take, tun kafin a haifi sabuwar zuri'a.

Losos da abokansa sun kuma auna ƙafafun ƙadangarun kafin gwajin, sannan suka duba su waye suka rayu. A watanni 6 na farko, mazan da suka fi dogayen ƙafafun baya ne suka fi tsira, domin doguwar ƙafa ta fi gudu a fili. A watanni 6 na biyu lamarin ya juye, masu gajerun ƙafafu suka fi tsira, domin a kan siririn reshe gajeriyar ƙafa ta fi riƙo. Sakamakon ya fito a Science a 2006. Wanda ya haɗe watanni 12 ɗin a alƙalami guda zai ga kamar ba abin da ya faru da ƙafa, domin ribar farko da ta biyu sun share juna. Sai da aka raba shekarar gida biyu aka gane cewa hali ne ya fara sauyawa, sannan ya sauya irin jikin da ke da amfani.

Tsibirai 8, watanni 4, shekara 1: inda tsoro ya haɗu da teku

Har zuwa nan zare biyu ne a rabe: ciyawar teku na jawo ƙadangare ƙasa, mafarauci na korarsa sama. Oriol Lapiedra, masani daga yankin Kataloniya na ƙasar Sifen, shi ya ɗaure su wuri guda.

A 2016 shi da abokan aikinsa sun kama anol sama da 270, suka gwada halin kowanne ɗaya bayan ɗaya. Akan sa ƙadangare a maɓoya, a nuna masa mai naɗe wutsiya a cikin keji, a ɗauke kejin, sannan a auna tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya fito ya leƙa sabon wuri, da tsawon lokacin da zai yi a fili kafin ya hau sama. Daga nan aka rarraba su a tsibirai 8, aka saki mafarauci a 4.

Bayan watanni 4 aka koma ƙirga. A tsibiran da ba mafarauci, masu saurin fitowa su bincika wuri sun fi rayuwa. A tsibiran da ke da mafarauci, matan da ba sa daɗewa a ƙasa ne suka fi rayuwa. Ƙarfin hali ya zama riba a wani tsibiri, ya zama ajali a maƙwabcinsa. Wannan ya fito a Science a 2018.

Bayan shekara 1 aka auna wutsiyoyi, sakamakon kuma ya fito a mujallar Ecology Letters a ƙarshen 2023. Abubuwa uku suka bayyana. Na farko, anol na tsibiran mafarauci sun koma zama can sama, kuma rabon abincin teku a jikinsu ya ragu. Na biyu, 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a tsibiran su ma da wannan cimar suka tashi, wato sauyin ya tsallaka zuwa zuri'a ta gaba. Na uku, a cikin tsibiran mafarauci, matan da gwajin farko ya nuna sun fi kasada su ne suka fi cin abincin teku.

Wannan na ukun ya fi kowanne nauyi. Yana nufin adadin abincin teku da ke shiga jikin anol a tsibiri ya danganta da yawan masu kasada da suka rage a raye, su ne kuma mafarauci ya fi saurin samu. Hanyar kasuwa ce da labarin 'yan fashi ya bazu a kanta: ko da mutum ɗaya cikin ɗari aka tare, sauran casa'in da tara sun daina bi, kaya sun daina isowa gari, kuma 'yan tsirarun da suka daure suna bi su ne suka fi shiga haɗari. Mai ƙirga waɗanda aka tare kawai ba zai taɓa sanin yawan kayan da ba su iso ba.

Abin da anol ya ci a gaɓa ba a jikinsa yake tsayawa ba. Yana komawa cikin tsibiri ya yi kashi a gindin bishiya, ya binne ƙwai a ƙasa, tsuntsu ko maciji ya cinye shi, ko ya mutu ya ruɓe. Ta kowace hanya, karbon da naitirojin da suka faro daga teku sun matsa zuwa tudu. In ya daina saukowa, wannan jigila ta ragu, kuma bakinsa ya koma kan ƙwarin bishiya da gizo-gizo.

Tsibirai 16, shekara 6: cunkoso a maɓoya

Idan kowa ya gudu sama, saman ma sai ta cika. Robert Pringle na Jami'ar Princeton ya jagoranci gwaji a tsibirai 16 na Eksuma daga 2011, sakamakonsa ya fito a mujallar Nature a 2019. Duk tsibiran suna da anol mai ruwan ƙasa tun asali. A wasu aka ƙara koren anol, Anolis smaragdinus, mazaunin saman bishiya. A wasu aka ƙara mai naɗe wutsiya, a wasu aka ƙara duka biyun, wasu kuma aka bar su.

Tsohuwar fahimta a wannan fanni ita ce babban mafarauci na taimaka wa ƙananan halittu su zauna tare, domin yana rage wanda ya fi ƙarfi a cikinsu. Da haka ne, da koren anol ya ji daɗin zuwan mai naɗe wutsiya. Akasin haka aka gani. Inda ba mafarauci, kore na sama, mai ruwan ƙasa na ƙasa, kowa da abincinsa, suka zauna lafiya. Inda akwai mafarauci, mai ruwan ƙasa ya hau ya cushe wurin kore, suka koma rububin abinci ɗaya. A tsibirai 2 cikin 4 da aka haɗa su ukun, koren anol ya ƙare ƙaf.

Masu binciken sun duba ƙwayoyin gado na DNA a cikin kashin ƙadangarun don gane abin da kowanne ya ci. Suka tarar mai naɗe wutsiya ba kasafai yake cin anol ba, ƙwari ne yawancin abincinsa. Koren anol da ke can ƙololuwa, inda mafaraucin ba ya iya kaiwa, shi ne ya fi kowa asara. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi cewa lissafin gawa kaɗai ba ya isa.

2 cikin 3: lokacin da guguwa ta tarar da rauni

Kada a ɗauka kisan ba shi da tasiri. A wani gwaji da aka fara a 1997 kusa da Abako, cikin shekaru biyu mai naɗe wutsiya ya mayar da yawan anol kusan rabin na tsibiran da ba shi. Gizo-gizo, wanda anol ke ci, ya samu sarari ya ƙaru. Dama tun 1983 Schoener da Catherine Toft sun nuna cewa tsibiran da ba ƙadangare sun fi masu ƙadangare cunkoson gizo-gizo kusan sau 10.

A watan Satumba na 1999 mahaukaciyar guguwar Floyd ta afka wa yankin, ruwan teku ya shanye ƙananan tsibiran baki ɗaya. Watanni 2 bayan haka, 'yan jariran ƙadangaru kawai aka samu, alamar cewa ƙwai ne kaɗai suka tsira a ƙarƙashin ƙasa. A duk tsibiran da ba a kai mafarauci ba, waɗannan jarirai sun mayar da yawan anol yadda yake a da. A tsibiran mafarauci kuwa, 1 cikin 3 ne kawai suka farfaɗo, 2 cikin 3 suka rasa anol ɗinsu gaba ɗaya. Guguwa ɗaya ce, ruwa ɗaya ne, bambancin shi ne halin da ta tarar da su.

Sau 60 da sau 251: manyan misalai daga wasu tekuna

Don a san matsayin labarin ƙadangare, yana da kyau a ajiye shi kusa da inda mafarauci ya toshe hanyar teku da ƙarfin tsiya.

A tsibiran Alushiyan na jihar Alaska, masu fataucin fatu sun saki yanyawar ƙasashen ƙanƙara a tsibirai da dama. Ta cinye tsuntsayen teku masu sheƙa a ƙasa. Binciken Donald Croll da abokansa na 2005 ya ƙiyasta cewa kashin tsuntsaye da ke sauka a kowane murabba'in mita a shekara ya faɗo daga kusan giram 362 zuwa ƙasa da giram 6, raguwar da ta haura sau 60. Tsibiran da a da suke lulluɓe da doguwar ciyawa suka koma filin gajerun tsirrai.

A tsibiran Chagos na Tekun Indiya, Nicholas Graham da abokansa sun kwatanta tsibirai 6 masu ɓeraye da 6 marasa ɓeraye, suka wallafa a 2018. Inda ba ɓera, cunkoson tsuntsayen teku ya ninka sau 760, naitirojin da suke zubarwa ya ninka sau 251, nauyin kifin da ke murjanin kewaye kuma ya fi da kashi 48 cikin 100, domin takin na gangarawa ya koma ruwa.

A waɗannan wurare biyu an hallaka masu jigilar ne, alƙaluman kuma manya ne da ba sa ɓoyuwa. A Bahamas masu jigilar na nan da ransu, ana ganinsu, ana ƙirga su, amma sun bar aikin. Irin wannan asarar ta fi wuyar ganewa, domin mai ƙidaya zai iya zagaya tsibiri ya rubuta cewa ƙadangaru na nan.

Ƙa'idoji uku na karanta waɗannan alƙaluma

Ta farko: abin ƙirga a waɗannan gwaje-gwaje tsibiri ne. Ko an auna ƙadangaru ɗaruruwa, kwatancin na tsakanin tsibirai 4 da 4 ne, ko 6 da 6. Wannan adadi kaɗan ne, kuma "2 cikin 4" na iya zama "1 cikin 4" da ɗan sauyin sa'a. Ƙarfin hujjar yana cikin maimaituwa: gwaje-gwajen 1997, 2003, 2011 da 2016, a Abako da Eksuma, a hannun ayari daban-daban, duk sun ga anol ya bar ƙasa da zuwan mai naɗe wutsiya.

Ta biyu: awon wutsiya na nuna rabon teku a cikin abincin ƙadangare, wanda ya bambanta da jimillar abin da ke shiga tsibiri. Ciyawar da ta ruɓe a gindin bishiya tana ba da taki ko da ƙadangare ko babu. Mai naɗe wutsiya ma a ƙasa yake kiwo, kusa da gaɓar. Kuma a kowane mataki na ci da ciyarwa, kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abinci ne ke wucewa gaba. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne hanyar da ke bi ta jikin anol ta ƙuntata, kuma tsarin wa ke cin wa ya sauya.

Ta uku: kowane kashi cikin ɗari yana da ranar da aka auna shi. Ɓarnar ganye ta wata na 8 da tsawon ƙafa na wata na 6 duka sun sauya daga baya. Alƙalamin da aka cire daga lokacinsa yana iya faɗin akasin gaskiya.

Tan miliyan 20: dalilin da ya sa lissafin ya zama na gaggawa

Ɓangarorin biyu na wannan lissafi duka suna sauyawa a zamaninmu. Ta ɓangaren teku, tun 2011 ciyawar sargasum ta fara yaɗuwa a tsakiyar Tekun Atlantika fiye da yadda aka saba. A watan Yuni na 2018 hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna ta kai sama da tan miliyan 20, ta miƙe kusan kilomita 8,850 daga gaɓar Afirka ta Yamma zuwa Mashigin Meziko. Ta sha tarewa a gaɓar Saliyo, Gana da Nijeriya tana cika komar masunta, kamar yadda take binne rairayin tsibiran Karibiyan.

Ta ɓangaren tudu, mutane na kai mafarauta inda ba a san su ba, wani lokaci da gangan, wani lokaci a cikin kayan jirgi. Shi kansa mai naɗe wutsiya an kai shi jihar Florida ta Amurka tun shekarun 1940, anol mai ruwan ƙasa kuma ya isa Florida, Hawai da Taiwan. Ɓera da kyanwa sun riga su isa tsibirai da yawa na duniya.

Saboda haka duk hukumar da ke kula da tsibiri ko gaɓa, in sabon mafarauci ya shigo mata, bai kamata ta tsaya ga ƙidayar kawuna ba. Ta ƙara tambayoyi biyu a takardar awonta: ina dabbobin wurin suke kiwo yanzu, kuma me jikinsu ke nuna sun ci? Amsar waɗannan tana bayyana cikin watanni, a lokacin da ake iya kawar da baƙon a gyara. Amsar ƙidaya kuwa takan ɗauki shekaru, kuma a tsibiran Abako sai da guguwa ta zo aka san girman raunin, lokacin da babu sauran abin cetowa a biyu cikin ukunsu.